Daga Asusun Ƙasa Zuwa Littafin Ajiya

Kalmar asusu tana cikin kalmomin Hausa da suka taki sa'a a wannan zamani. A da, ma'anarta ba ta wuce 'yar tukunyar nan ta yumɓu ba, wadda maginan tukwane kan tsaga wa baki daidai shigar kwabo, a saya wa yaro ya riƙa jefa ɗan abin da ya samu. Yau kuwa da ita muke kiran ajiyar banki, da ita kuma gidajen rediyo ke fassara sunan Asusun Ba da Lamuni na Duniya. Tana da 'yan uwa a maƙwabta ma, domin Yarabawa na kiran adashinsu esusu, mutanen Ghana na cewa susu. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne, kalmar ta girma ta shiga manyan ofisoshi, amma yaron da aka are ta a hannunsa an bar shi da tukunyarsa, ko da gwangwanin madarar da aka huda.

Ko shakka babu asusun ƙasa ya yi wa iyayenmu aiki, ya koya musu haƙuri da danne kwaɗayi. Sai dai don ƙarfe aka yi shi, don sisi da sule, waɗanda suka kau da zuwan naira a 1973. Takarda kuwa gara na cin ta, hauhawar farashi na cin ta fiye da gara. A Disambar 2024 hauhawar farashi a Nijeriya ta kai kashi 34.8 cikin ɗari, wato naira 10,000 da yaro ya rufe a farkon shekarar, ranar da ya fasa ba za ta sayi abin da ya wuce na naira 7,400 na lokacin da ya rufe ta ba. Mai karatu zai kuma tuna farkon 2023, lokacin da aka sanya wa tsofaffin takardun 200 da 500 da 1,000 wa'adi, duk mai ɓoyon kuɗi a gida ya shiga neman inda zai kai su. Bugu da ƙari, asusu ba ya koyar da lissafi. Ba a sanin abin da ke cikinsa sai ranar da aka fasa shi, ranar nan kuma kuɗin ke ƙarewa.

Amma babbar cutar ba a tukunyar take ba, a bakinmu take mu iyaye. Yaro ya dawo daga yawon Sallah aljihunsa cike da barka da Sallah, sai a ce masa, "Kawo in ajiye maka." Shi ke nan, kuɗin sun shiga cefane. A fanninmu na nazarin harshe sanannen abu ne cewa yaro ba a ƙamus yake koyon ma'anar kalma ba, a yadda ya ga ana aiki da ita yake koya. Yaron da aka yi wa haka sau uku ya gama fahimtar ma'anar "ajiya": kuɗin da ba ka ƙara gani. To, don me za mu yi mamaki in ya girma yana kashe duk abin da ya shigo hannunsa kafin rana ta faɗi?

A nan ne nake ganin ƙungiyoyin gama-kai na ajiya da rance suna da rawar da ba su taka ba tukuna. Irin wannan ƙungiya masu ajiyar su ne masu ita. Kowane mamba ƙuri'a ɗaya gare shi komai yawan kuɗinsa, a tsakaninsu suke ba da rance, rarar da aka samu a ƙarshen shekara kuma gare su take komawa. A 1900 wani ma'aikacin majalisar dokokin Kanada, Alphonse Desjardins, ya kafa irinta a garin Levis na lardin Kebek, kuma ajiyar farko da aka karɓa senti 10 ce kacal. Bai tsaya kan manya ba. A 1907 ya shigar da tsarin cikin makarantu, 'yan firamare na kawo 'yan sulallansu ana rubuta musu a littafi. A nahiyarmu, a garin Jirapa na arewacin Ghana aka kafa ta farko a 1955, bisa jagorancin wani limamin mishan, John McNulty. Nijeriya ma tun 1935 take da dokar ƙungiyoyin gama-kai, kuma yau da wuya ka sami jami'a ko ma'aikatar da ma'aikatanta ba su da tasu, inda ake cire wani abu daga albashi, a karɓi buhun shinkafa gabanin azumi. Abin da ya rage shi ne a buɗe wa 'ya'yan mambobi shafi.

Littafin nan shi ne zuciyar maganar. Sunan yaro ne a bangonsa, ga ranar da ya kawo, ga abin da ya kawo, ga jimla. Shi zai miƙa kuɗin da hannunsa, ya tsaya a rubuta a gabansa, ya duba ko an yi daidai. In ya ƙara wayo a tafi da shi taron shekara, ya ji cewa kuɗinsa na cikin waɗanda aka ranta wa wance ta sayi keken ɗinki. Ban ce ƙungiya za ta tsere wa hauhawar farashi ba, amma dai kuɗin na juyawa, ba kwance suke a ƙarƙashin gado ba.

Na san abin da zai hana iyaye da dama, wato tsoron kuɗin ruwa. Rubutun boko ma ya ƙara dagula lamarin, domin riba ta ciniki, mai dogon wasali a gaɓar farko, da riba wadda addini ya haramta, da haruffa ɗaya muke rubuta su, alhali daga kalmomin Larabci biyu daban suka fito. Tun da mambobi ne ke tsara dokar ƙungiyarsu, suna iya ba da rance ba ƙari, su nemi rararsu ta saye da sayarwa. Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012 a kan irin wannan tafarki, saboda haka ba baƙon abu ba ne gare mu.

Wajibi ne kuma a yi hattara. Hukumar inshorar ajiya ta ƙasa, NDIC, wadda a 2024 ta ɗaga kariyar mai ajiya a bankin kasuwanci zuwa naira miliyan 5, ba ta tsaya wa kuɗin ƙungiyoyin gama-kai. In ma'aji ya ci amana, babu inshorar gwamnati da za ta biya. Kafin uba ya kai kuɗin ɗansa sai ya nemi ganin takardar rajista, ya tambayi yaushe aka yi taron shekara na ƙarshe, wa kuma ya binciki lissafin. Su kuma shugabannin ƙungiyoyin, in za su buɗe shafin yara, ina ba su shawara su rubuta a dokarsu cewa ba a cire ko kwabo daga ajiyar yaron da ya kai shekara bakwai sai yana tsaye a wurin, ya sa hannu ko ya dangwala yatsa kusa da sa hannun mahaifinsa.