ƘOFAR AIKI KO ƘOFAR MAFAKA: YADDA BAƘO KE SAMUN ZAMAN DINDINDIN A AMURKA

Duk ɗalibin da ya tafi Amurka neman ilmi, ko ma'aikacin da aka tura ƙaro sani, akwai ranar da wa'adin bizarsa zai cika. In ranar ta matso, waɗansu sukan haɗa kayansu su komo gida, waɗansu kuwa sukan shiga neman takardar zama na dindindin, watau wadda aka fi sani da koren kati. A nan ne masu ba da shawara sukan yi yawa. Wannan ya ce a bi ta hanyar aiki, wancan ya ce a nemi mafaka don ta fi sauƙi. To, ya kamata mai karatu ya san cewa hanyoyin nan biyu ba don mutum iri ɗaya aka yi su ba. A ƙofar aiki ana tambayarka abin da ka iya ne. A ƙofar mafaka kuwa ana tambayarka abin da ya koro ka daga gida.

HANYAR AIKI

Dokar shige da fice da Majalisar Dokokin Amurka ta zartar a 1990 ta ware gurbi 140,000 kowace shekara domin masu neman zama ta hanyar aiki. Amma fa a cikin wannan adadi ake lissafa matan aurensu da 'ya'yansu, saboda haka ma'aikatan da ke samu ba su kai haka ba. An kasa guraben kashi biyar. Na farko na fitattun masana ne da manyan manajoji, na biyu na masu babban digiri, na uku na ƙwararrun ma'aikata da masu sana'a, na huɗu na waɗansu rukuni na musamman kamar ma'aikatan addini, na biyar kuma na masu zuba jari.

Galibi ba baƙo ne ke nema wa kansa ba, wanda ya ɗauke shi aiki ne ke nema masa. Sai kamfani ya yi cigiyar aikin, ya gamsar da Ma'aikatar Ƙwadago cewa bai sami ɗan ƙasa da ya cancanta ba, kuma zai biya baƙon albashin da ake biya a wannan sana'a. An ɗauke wa ma'aikatan jinya wannan cigiya saboda ƙarancinsu a ƙasar. Ɗalibi kuwa, in ya gama karatu ana ba shi wata 12 ya yi aikin koyon sana'arsa, a ƙara wa ɗaliban kimiyya da fasaha wata 24. Daga nan da yawa sukan nemi bizar ƙwararru da ake kira H-1B, wadda ke da gurbi 65,000 a shekara, da ƙarin 20,000 ga masu babban digiri daga jami'o'in Amurka.

Wahalar wannan hanya ita ce jira da dogaro ga mai gida. Doka ta ƙayyade wa 'yan kowace ƙasa kashi 7 cikin 100 na guraben, shi ya sa Indiyawa masu yawan gaske suke shafe fiye da shekara 10 a layi. Har wa yau, wanda aka sallama daga aiki kafin magana ta yi nisa yana iya komawa farko. Amma wanda ya jure ya samu, ba abin da ya raba shi da ƙasarsa. Yana riƙe da fasfonsa, yana zuwa gida ganin iyaye, ya koma bakin aikinsa.

HANYAR MAFAKA

Asalin wannan hanya yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ce ta 1951 a kan 'yan gudun hijira, da ƙarin da aka yi mata a 1967. Amurka ta shigar da ma'anarta cikin dokarta a 1980. Bisa ga wannan doka, mai neman mafaka dole ne ya nuna an tsananta masa, ko yana da ƙwaƙƙwaran dalilin tsoron a tsananta masa, saboda ɗaya daga abubuwa biyar: launin fata ko ƙabila, addini, ƙasar asali, ra'ayin siyasa, ko kasancewa cikin wani rukuni na jama'a.

A lura, talauci ba ya cikin biyar ɗin nan, haka rashin aikin yi. Ko yaƙi ma, shi kaɗai bai isa ba. A nan ne mutanenmu sukan ruɗe, domin yarjejeniyar Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta 1969 ta fi faɗi, ta haɗa da wanda rikici ya kora daga ƙasarsa. 'Yan Nijeriya da suka tsere daga Borno zuwa sansanin Minawao na Kamaru tun 2013 an karɓe su a jumlace ne. A Amurka kuwa kowa labarin kansa zai bayar, a yi masa tambayoyi filla-filla, a auna maganarsa ta yau da ta jiya.

Tun dokar 1996, wajibi ne a shigar da buƙata cikin shekara ɗaya da isowa, sai fa in da uzurin da doka ta yarda da shi. Jami'in mafaka ne ke fara sauraro. In bai gamsu ba, kuma mutum ba shi da wani iznin zama, sai a miƙa shi gaban alƙalin shige da fice, inda maganar kora take a kan tebur. A ƙarshen 2023 shari'un da suka taru a waɗannan kotuna sun haura miliyan 3, saboda haka jiran shekaru ba abin mamaki ba ne. Wanda aka bai wa mafaka yana iya neman koren kati bayan shekara ɗaya, yana kuma iya neman a kawo masa iyalinsa.

ABIN DA BA A FAƊA WA MUTUM

Masu cewa mafaka gajeriyar hanya ce ba su cika faɗin ƙarshen zancen ba. Na farko, wanda ya ce yana tsoron ƙasarsa, in aka ga ya koma can, ko ya sabunta fasfonta yana tafiya da shi, ana iya sake duba mafakarsa, har a soke ta. Ke nan rasuwar uwa ko auren ƙanwa na iya samunsa ba halin zuwa. Na biyu, dokar 1996 ta ce wanda aka tabbatar ya ƙaga labari da gangan a takardar neman mafaka, an haramta masa duk wata alfarma ta shige da fice har abada. Ko daga baya kamfani ya so shi, ko ya auri 'yar ƙasa, ƙofa ta riga ta rufe. Ramin ƙarya dai ƙurarre ne. Na uku, kowane labarin ƙarya yana ƙara tsawon layi ga wanda da gaske rayuwarsa ke cikin haɗari.

Daɗin daɗawa, duka ƙofofin biyu suna buɗewa da rufewa da sauyin gwamnati. A farkon 2020 Shugaba Donald Trump ya dakatar da bai wa 'yan Nijeriya bizar ƙaura, Shugaba Joe Biden ya ɗage a Janairun 2021. A Yunin 2025 Trump ya sa Chadi da Sudan cikin ƙasashen da aka hana 'yan ƙasarsu shiga, a Disamba kuma ya ƙara da Nijar, ya kuma taƙaita bizar 'yan Nijeriya. A Satumban shekarar ya ɗora kuɗi dala 100,000 a kan sababbin buƙatun H-1B. Shawarar da ta yi wa wani amfani shekara biyar da suka wuce ba lalle ta yi amfani yau ba.

Saboda haka, ɗalibi ko ma'aikacin da ke da wannan niyya ya fara tambayar kansa gaskiya. In sana'arsa ce jarinsa, ya inganta ta, ya kiyaye sharuɗɗan bizarsa, ya yi haƙuri da layi, domin sauri ya kan haifi nawa. In kuwa da gaske ana farautarsa, ya tara hujjojinsa, ya nema kafin shekara ta cika, haƙƙinsa ne ba alfarma ba. Kowanne ne dai, ya tuntuɓi lauya mai lasisi, ya guji dillalan takardu, kada kuma ya sa hannu a kan labarin da ba nasa ba.