Abubuwan da ya kamata ka sani game da Norah Neilson Gray da zanenta na ɗan gudun hijira

Kwanakin baya na ga wani dattijo zaune a bakin tasha a Jega, buhu ɗaya a gefensa, hularsa a kan gwiwa. Kaftaninsa wankakke ne, kuma bai miƙa wa kowa hannu ba. Wani mai shayi ya ce mini daga wajen Danko-Wasagu ya taso, 'yan bindiga sun tashi ƙauyensu. Yadda ya zauna, jikinsa na nan hankalinsa na can, shi ya tuna mini da wani zane da wata Baturiya ta yi fiye da shekara ɗari da suka wuce.

Wace ce Norah Neilson Gray?

An haife ta a 1882 a Helensburgh, wani gari na bakin ruwa a Sikotilan, arewacin Birtaniya. Mahaifinta, George Gray, yana da jiragen ruwa a Glasgow, saboda haka ba ta tashi cikin rashi ba. Ta yi karatu a Makarantar Zane ta Glasgow, kuma cikin malamanta akwai Jean Delville, mutumin Beljiyam. A riƙe wannan, domin ƙasar malamin nata na cikin waɗanda Yaƙin Duniya na Ɗaya zai fara ci. Daga 1906 ita ma ta soma koyarwa a makarantar, daga baya ta buɗe ɗakin zane nata na kanta, inda masu hali ke kawo 'ya'yansu da matansu ta zana su. Ɗalibanta sun san ta da nanata abu ɗaya: inuwa ma tana da launi, sai dai mai gaggawa ba ya ganinsa.

A zamaninta mata masu zane sun yi yawa a Glasgow, har masu tarihi suka yi musu laƙabi da 'yan matan Glasgow. Gray na cikin fitattunsu. A 1921 ta zama mace ta farko a kwamitin da ke zaɓar zane-zanen da za a rataya a baje kolin babbar cibiyar zane ta birnin.

Me ya kori mutanen Beljiyam daga gidajensu?

Beljiyam ƙaramar ƙasa ce da ke tsakanin Jamus da Faransa, ga kura ga damisa. Tun 1839 manyan ƙasashen Turai suka sa hannu a Landan cewa ba za a taɓa ta ba, ita kuma ba za ta shiga faɗan kowa ba. Amma hafsoshin Jamus sun riga sun tsara cewa in yaƙi ya tashi, ta cikinta za su bi su auka wa Faransa, don iyakar Faransa da Jamus cike take da ganuwa da igwa. Ranar 4 ga Agusta 1914 suka kutsa. A ranar Birtaniya ta shiga yaƙin.

Birnin Liège ne ya fara tare su, ya riƙe su kusan kwana goma sha biyu kafin manyan igwogi su rushe sansanoninsa. Abin da ya biyo baya shi ya watsa jama'a. A Dinant sojojin Jamus sun harbe fararen hula 674 ranar 23 ga Agusta. Kwana biyu bayan nan suka cinna wa Leuven wuta, ɗakin karatun jami'arta ya ƙone da littattafai fiye da 200,000, har da rubuce-rubucen hannu da ba su da kwafi a ko'ina. Wanda ya san darajar kundin da malam ya gada daga kakansa ya san girman wannan asara. Da Antwerp ta faɗi a watan Oktoba, kimanin mutum miliyan ɗaya suka tsallaka Holan. Wasu suka bi teku. A tashar jiragen ruwa ta Folkestone kaɗai, mutum 16,000 suka sauka a rana ɗaya, 14 ga Oktoba. Jimillar waɗanda suka shiga Birtaniya ta kai wajen 250,000, kuma kusan 19,000 daga cikinsu aka kai Sikotilan, inda hukumar birnin Glasgow ta ɗauki nauyin saukar da su.

Me ke cikin zanen?

Mutum ɗaya ne, zaune, cikin tufafi masu duhu. Daga Liège ya gudo ya sami mafaka a Glasgow. Gray ta zana shi wajen 1915. Babu gari mai cin wuta a bayansa, babu tuta, babu soja. Sunan zanen ma bai ambaci sunansa ba, ɗan gudun hijirar Beljiyam kawai.

A nan ne nake ganin gwanintarta. A waɗancan shekaru hoton Beljiyam ya zama makamin farfaganda. Takardun da ake liƙawa a bango suna nuna mata da yara cikin kuka da gidaje cikin hayaƙi, don samari su fusata su shiga soja. Ko manyan masu zane irin su Frank Brangwyn, wanda a Beljiyam aka haife shi, taron jama'a cikin makoki suka zana. Gray ta ɗauki hanyar da ake bi wajen zana attajiri ko basarake, wato a zaunar da mutum shi kaɗai, a ɓata kwanaki ana duban fuskarsa, ta yi wa wanda ba shi da ko sisin biyanta. Wanda ya tsaya gaban zanen zai fara tambayar kansa: mene ne sana'ar wannan mutum kafin yaƙi? Wa ya baro a baya? Taron mutum dubu ba ya sa ka yi wannan tambaya, ka dai girgiza kai ka ce Allah ya kyauta, ka wuce.

An baje zanen a Glasgow a 1916, sannan a Landan. A 1921 ya ci lambar tagulla a babban baje kolin Paris. Yanzu yana hannun gidajen tarihi na Glasgow.

Na san akwai masu karatu da ransu bai kwanta da zanen abu mai rai ba, kuma malamanmu sun yi magana mai tsawo a kai. Ban zo warware wannan ba. Abin da ya dame ni shi ne shaidar da zanen ya bari, kamar yadda waƙa ko wasiƙa kan bari.

Me ta yi a lokacin yaƙin ban da zane?

Ta tafi aikin jinya. Wata likita, Elsie Inglis, ta kafa ƙungiyar Asibitocin Matan Sikotilan a 1914. Ma'aikatar yaƙin Birtaniya ta ƙi karɓar tayinta, Faransa ta karɓa hannu bibbiyu. Aka ba su Royaumont, wani tsohon gidan ibadar Kirista da aka gina a 1228 a arewa da Paris. Likitoci, masu jinya, direbobin motar ɗaukar marasa lafiya, kusan duk mata ne, a ƙarƙashin Dakta Frances Ivens. Daga 1915 zuwa 1919 sun yi jinyar mutum fiye da 10,000, cikinsu har da sojojin Afirka ta Yamma da na Arewacin Afirka da Faransa ta kwaso daga ƙasashen da ta mallaka.

Gray ta yi aiki a can a 1918, kuma in ta sami sarari sai ta ɗauki alƙalamin zane. Ta zana ɗakin karɓar masu rauni cike da sojoji. Gidan tarihin yaƙi na Landan ya fi son zanen da zai nuna likita mace a bakin aiki, don haka a 1920 ta yi musu wani, Dakta Ivens tana duba majinyaci. Na farkon yana Helensburgh. Gray ta rasu a Glasgow a 1931 da ciwon daji, tana da shekara 48.

Ina wannan ya shafe mu?

Shekara goma sha ɗaya kacal kafin Birtaniya ta buɗe wa mutanen Beljiyam ƙofa, sojojinta sun ci Sakkwato, ranar 15 ga Maris 1903. Sarkin Musulmi Attahiru ya fita ya nufi gabas, dubban mutane suka bi shi, malamai da manoma da mata masu goyo. Aka bi sawunsu har Burmi, a ƙasar Gombe ta yau, inda aka kashe shi ranar 27 ga Yuli tare da ɗaruruwan mabiyansa. Ita kanta Beljiyam, sarkinta Leopold na Biyu ya riƙe Kwango a matsayin gonarsa har 1908, da zaluncin da ya girgiza duniya. Wannan bai rage wa mutumin Liège komai daga wahalarsa ba, don talaka ne da bai san hawa ba bai san sauka ba. Amma yana ci mini rai cewa tarihi ya ajiye fuskarsa a bango, namu kuwa sai adadi a rahoton hafsan da ya kore su.

Yau ma haka abin yake tafiya. Tun 2019 dubun-dubatar mutane daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallaka zuwa jihar Maraɗi. A nan Kebbi ma akwai waɗanda suka bar gonakinsu. Kowa na da waya mai kyamara, amma abin da ke yawo a Facebook gawarwaki ne da layin karɓar tallafi. Da wuya ka ga an zauna da mutum ɗaya an tambaye shi sunan gonarsa, buhu nawa yake samu, wa ya rasa. Ɗalibanmu na jami'ar Aliero da masu rubutun Hausa za su iya wannan aikin da biro da littafi ma, muddin mai labarin ya yarda.

Yaya aka ƙare da 'yan gudun hijirar?

Tarba ta farko ta yi armashi, amma da yaƙi ya yi tsawo sai gunaguni ya fara, kamar yadda aka saba da baƙon da ya daɗe. Da yawa sun shiga aikin masana'antar makamai, har aka gina musu unguwa tasu, Elisabethville, a Birtley. Da aka tsagaita wuta a Nuwamba 1918 gwamnati ta ba su jirgi kyauta, kuma cikin shekara guda mafi yawansu sun koma gida.

Mutanen Attahiru ba su dawo ba. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar har Sudan, suka zauna a bakin kogin Nilu kusa da Sennar. Garin yana nan da sunan Mai Wurno, kuma jikokinsu na jin Fulatanci da Hausa har yau.