Tumakin da ke makancewa ba tare da sun kamu da annoba ba

A wani taron ƙungiyar makiyaya, wani dattijo ya tambaye ni ko dabba na iya gadon cuta kamar yadda take gadon launi da ƙaho. Tana iya. Misalin da na ba shi daga ƙasar Niyu Zilan ne, na wasu tumaki da ake kira Borderdale.

Ana haihuwar ƴan ragunan nan lafiya ƙalau, suna shan nono, suna tsalle. Kafin su cika shekara sai gani ya fara raguwa, su riƙa karo da shinge, suna ware kansu daga garke. Ƙwaƙwalwa na shanyewa sannu a hankali, kuma yawanci ba sa wuce shekara 2. Sunan cutar Batten, kuma yaran mutane ma suna gadonta.

A 2008 masu bincike na Jami'ar Lincoln suka bayyana inda matsalar take. Kowace ƙwayar gado umarni ce a rubuce, amma jiki ba ya aiki da ita kai tsaye. Sai ya kwafe ta, ya yanke sassan da ba a bukata, ya ɗinke masu amfani, kamar tela da yadi. Akwai alamar da ke nuna inda za a sa almakashi. A tumakin nan, harafi ɗaya tak ya sauya a kan alamar, cikin ƙwayar gado mai suna CLN5. Saboda haka ake zubar da sashe na 3 tare da ƙyallayen banza. Sinadarin da ake haɗawa sai ya fito guntu, ba ya iya aikinsa na share shara a cikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Sharar ta taru, ƙwayoyin su mutu. An ci gaba da kiwon waɗannan tumaki da gangan, kuma a kansu aka gwada maganin da ke kai lafiyayyar ƙwayar gado cikin ƙwaƙwalwa, don a taimaki yara.

Abin da ya shafe mu shi ne yadda ake gadon. Rago na iya ɗauke da lahanin alhali ƙato ne, lafiyayye. Sai uwa da uba duka suna ɗauke da shi cutar ke fitowa, a kusan ɗa 1 cikin 4. Mai barin rago ɗaya yana barbarar ƴaƴansa da jikokinsa, don kawai Balami ne mai kyau, shi ke haɗa masu ɗauke da lahani iri ɗaya. Musayar rago tsakanin ƴan ƙungiya duk bayan shekara 2 ba ta cin ko dala.

Amma kada a ga tunkiya na juyi a ce gado ne. A wajenmu an fi samun tsutsar kare a ƙwaƙwalwa, ko ciwon da kaska ke kawowa, ko ma haukan kare, wanda ke kashe mutum. A fara kiran ma'aikacin kiwo. Idan babu zazzaɓi, ciwon na tafiya a hankali, kuma ƴaƴan rago ɗaya kaɗai yake kamawa, a fitar da ragon nan daga barbara.