Ƙuri'ar Mutum Tasa Ce, Ba Ta Jam'iyya Ba

Duk wanda ya bi hanyar Sakkwato zuwa Gusau ya san Talata Mafara, daga nan kuwa Bakura da Maradun ba su da nisa. Tun da aka koma mulkin farar hula cikin 1999, kowane ɗaya daga garuruwan nan uku ya fid da gwamnan Jihar Zamfara. Alhaji Ahmad Sani Yariman Bakura ya riƙe daga 1999 zuwa 2007, Alhaji Abdul'aziz Yari na Talata Mafara daga 2011 zuwa 2019, Alhaji Bello Matawalle na Maradun kuwa daga 2019 zuwa 2023. Saboda haka siyasa a nan ta shiga kasuwa, ta shiga zaure, har ta shiga tsakanin wa da ƙane. Mun ga inda aka ƙi zuwa suna, mun ga inda aka fasa ba da aure, don kurum wancan gida ba jam'iyyarsu ɗaya da wannan ba.

Wannan ciwo ba mu kaɗai ya kama ba. Amurka, wadda muka ari tsarin shugaban ƙasa da gwamnoni daga gare ta cikin 1979, manyan jam'iyyu biyu gare ta, watau Dimokurat mai alamar jaki da Rifablikan mai alamar giwa. Shugabansu na farko, Joj Washinton, tun cikin 1796 ya gargaɗe su a takardarsa ta ban kwana, su yi hattara kada son jam'iyya ya raba kansu. Ba su ji ba. Yau masu sharhi na can, musamman masu sassaucin ra'ayi, kukansu shi ne mutum ya kan fara duba abin da jam'iyyarsa ta ce tukuna, sa'an nan ya san abin da shi kansa ya ke so.

Akwai abu guda cikin tarihinsu da ya kamata mu riƙe. A da can jam'iyyu ne ke buga takardun ƙuri'a, kowace da irin tata, sai ya zama mai gida ko mai ba da aiki ya tsaya bakin akwati ya ga wadda yaronsa ya jefa. Ƙuri'ar asiri daga Ostireliya ta fito cikin 1856, jihar Masacusets ta Amurka ta kafa dokarta cikin 1888, sauran jihohi suka bi. Dalilin kuwa shi ne, wanda a ke kallo sa'ad da ya ke zaɓe, zaɓin mai kallonsa ya ke yi.

Mu ma mun bi ta wannan hanya. A zaɓen Tarayya na ran 12 ga Disamba 1959, mutum ya kan shiga ɗaki shi kaɗai ya tarad da akwatuna, wannan da fartanyar NPC, wancan da tauraron NEPU. Mata a Arewa ba su sami jefa ƙuri'a a zaɓen Tarayya ba sai 1979. Zamanin Janar Babangida an gwada bin layi a fili, kowa na ganin inda kowa ya tsaya. Yanzu an komo ga dangwala yatsa a ɓoye, amma mai sayen ƙuri'a ya kan ce sai an nuna masa takarda kafin ya biya. To, wanda ya nuna ya rushe katangar da aka gina dominsa.

Mu kuma dubi manyan da a ke gāba saboda su. Ran 24 ga Mayu 2019 Kotun Ƙoli ta soke ƙuri'un APC na Zamfara, don jam'iyyar ba ta yi zaɓen fid da gwani yadda doka ta ce ba, mulki ya koma hannun PDP. Cikin 2021 gwamnan da PDP ta tsayar ya koma APC. Shugabanni su kan sake jam'iyya kamar riga, su yi musabaha, su ci tuwo kwano ɗaya, amma talakawa biyu da suka ɓata dominsu har yanzu ba su ga maciji. Cikin 2023 kuwa mutanen Zamfara sun nuna za su iya rarrabewa: a zaɓen shugaban ƙasa APC ta ci jihar, bayan 'yan makonni suka ba Alhaji Dauda Lawal na PDP gwamna.

Nauyin nan a kanmu ya fi yawa, mu malaman makaranta da ma'aikatan ofis. A ƙauye mu a ke kawo wa takarda mu karanta, mu a ke tambaya wa za a zaɓa. Idan tsoho ya tambaye ku, ku bayyana masa alamomi, ku gaya masa aikin kowane muƙami, da abin da kowane ɗan takara ya yi alkawari game da makaranta da asibiti da ruwan noman rani na Bakolori, sa'an nan ku ƙyale shi. Kada ku nemi sanin wanda ya zaɓa, ko da kuwa matarku ce ko ɗanku. A aji kuma ku koya wa yara su zaɓi shugabansu da 'yar takarda a naɗe, wanda ya faɗi ya ba wanda ya ci hannu.

Allah ya ba mu shugabanni na gari, ya bar zumunci tsakaninmu, amin.