Garin Neman Gira: Abin Da Ke Sa Sarƙar Agogo Mai Tsada Ta Kwarzane Wajen Ragi

Kamfanonin da ke ƙera agogon hannu masu tsada, waɗanda galibinsu ke ƙasar Suwizalan, ba su san kaurin hannun wanda zai sayi kayansu ba. Saboda haka sukan yi sarƙar agogon da tsawo fiye da kima, su bar wa dilolinsu aikin cire gaɓa biyu ko uku a ranar ciniki, don ta zauna daidai a wuyan hannun mai saye. Aikin ba ya wuce 'yan mintoci. Amma a cikin waɗannan mintocin ne agogon da ya baro masana'anta sumul, ya ƙetare ƙasashe babu ko tabo, yakan sami rauninsa na farko: ko kan sukuru ya cinye, ko gefen gaɓa ya kwarzane, ko bakin rami ya lotsa. Sai mai agogo ya isa gida ya duba a hasken rana, sannan ya ga ɓarnar. Wannan shi ne abin da Hausawa ke kira garin neman gira a rasa ido.

Tambayar da mai karatu zai yi ita ce, yaya abin da aka saya dubban daloli zai ji rauni daga ɗan ƙaramin sukudireba? Amsar tana cikin darussan kimiyya na makarantar sakandare. Tsada daban, tauri daban, kuma dokar tauri ba ta duba rasit.

Yadda aka haɗa sarƙar

Sarƙar agogo gaɓoɓi ce na ƙarfe da aka jera, kowace tana juyawa a kan wata 'yar siririyar ƙusa da ta ratsa ta. Gaɓoɓin da ke kusa da maɓalli su ne aka yi don a iya cirewa, kuma hanyoyi uku aka fi bi wajen riƙe su.

Ta farko ita ce fil mai tsaga a kai, wanda matsewa kaɗai ke riƙe shi cikin rami. A bayan irin wannan sarƙa akan zana 'yan kibiyoyi masu nuna inda za a tura fil ɗin ya fita. Wanda ya buga shi ta kishiyar kibiyar zai tilasta wa kan nan mai kauri ya ratsa ramin duka, ramin ya buɗe. Ta biyu ita ce fil da wani ɗan bututu ƙanƙane da ke riƙe shi, irin wanda ake samu a agogan Seiko da yawa. Bututun bai kai ƙwayar shinkafa ba, in ya faɗi ba a lura ba, sarƙar za ta haɗu kamar lafiya, amma wata rana fil ɗin ya zare, agogo ya faɗi. Ta uku ita ce sukuru, wanda kamfanoni irin su Rolex ke amfani da shi. Kaurinsa bai wuce milimita ɗaya zuwa biyu ba, kansa kuma yana zaune daidai da gefen gaɓar da aka goge tana ƙyalli. Da zarar sukudireba ya zame daga tsagar, a kan wannan ƙyallin zai sauka.

Mene ne tauri?

A harshen kimiyya, tauri shi ne yadda abu ke ƙin karcewa ko lotsawa. A shekarar 1812 wani masanin ma'adinai Bajamushe, Friedrich Mohs, ya jera ma'adinai 10 bisa ƙa'ida ɗaya: wanda ya fi tauri shi ke karce wanda bai kai shi ba. Ya sa talk, wato dutsen da ake yin hoda da shi, a mataki na 1, kwaz da ke cikin yashi a na 7, daimon kuma a na 10. A wannan ma'auni farcen mutum yana wajen 2.5, tsantsar zinariya 2.5 zuwa 3, gilashin taga kuwa wajen 5.5.

Ma'aunin Mohs jeri kawai yake nunawa, ba ya faɗin yawan tazarar da ke tsakani. Don haka injiniyoyi sun fi dogara da gwajin Vickers, wanda Robert Smith da George Sandland suka ƙirƙiro a Ingila a 1921. Akan danna tsinin daimon a kan ƙarfe da sanannen nauyi, sannan a auna girman ramin da ya bari. Iyakar ƙanƙantar ramin, iyakar girman lambar taurin.

Ƙarfen agogo da ƙarfen sukudireba

Yawancin sarƙoƙin agogo da ƙarfe marar tsatsa ake yin su, irin wanda Harry Brearley ya gano a birnin Shefil na Ingila a 1913. Nau'in da aka fi amfani da shi ana kiran sa 316L. Yana ɗauke da kuromiyam kashi 16 zuwa 18 cikin 100, da nikel kashi 10 zuwa 14, da molibdinam kashi 2 zuwa 3, kabon ɗinsa kuwa bai wuce kashi 0.03 ba. Kamfanin Rolex ya fara amfani da wani nau'in, 904L, a 1985. Wannan ya fi jure gumi da ruwan gishiri, amma wajen tauri kusan ɗaya suke.

Maƙeranmu sun daɗe da sanin cewa idan aka gasa wuƙa ta yi ja aka tsoma ta cikin ruwa, bakinta yakan ƙara tauri. Kabon da ke cikin ƙarfen shi ke ba da damar haka, kuma da wannan dabarar ake taurara bakin sukudireba. Ƙarfen 316L ba ya karɓar wannan horo, domin nikel ɗin da ke cikinsa yana riƙe tsarin ƙwayoyinsa yadda yake, ga shi kuma kabon ɗinsa kaɗan ne. An zaɓe shi ne saboda ba ya tsatsa, yana ɗaukar ƙyalli, kuma yana da sauƙin sarrafawa.

Ga yadda lambobin suke a ma'aunin Vickers. Tsantsar zinariya tana wajen 25. Zinariya mai karat 18, wadda kashi 750 cikin 1,000 ne zinariya sauran kuwa azurfa da jan ƙarfe da makamantansu, tana tsakanin 120 da 200 gwargwadon haɗin. Ƙarfen 316L yana tsakanin 150 da 200. Bakin sukudireba mai kyau yakan kai 600 zuwa 700. Gilashin safaya da ke rufe fuskar agogon yana wajen 2,000. Ke nan sukudireba ya ninka sarƙar tauri sau uku ko fiye, alhali ba zai iya karce gilashin ba.

To, ina kuɗin suke tafiya? Mafi yawansu na injin ciki ne, da sunan kamfani, da aikin hannu. A 1972 kamfanin Audemars Piguet ya fito da agogon Royal Oak, wanda Gérald Genta ya zana. Na ƙarfe ne, amma farashinsa ya zarce na agogan zinariya da yawa, kuma babban dalili shi ne wahalar goge gaɓoɓinsa da kusurwoyinsa ɗaya bayan ɗaya. Wannan aikin gugar yana kan fatar ƙarfen ne kawai, ita ce kuma sukudireba ke fara taɓawa.

Ɗan lissafi

Ɗalibai za su tuna cewa danniya ita ce ƙarfi a raba da faɗin wurin da ya sauka. Bari mu ɗauka bakin sukudireba yana da faɗin milimita 1.6 da kaurin milimita 0.2. Faɗin wurin da yake taɓawa ya zama murabba'in milimita 0.32. Mu ce mai gyara ya danna da ƙarfin niwton 30, wato kamar nauyin kilo 3. In bakin ya zauna daram cikin tsagar, danniyar ita ce 30 a raba da 0.32, wajen niwton 94 a kan kowane murabba'in milimita. Ƙarfen da taurinsa ya kai 200 sai danniya ta kusa niwton 2,000 a kan murabba'in milimita sannan yake lotsawa, don haka babu abin da zai same shi.

Yanzu mu ce hannun ya karkace, sukudireba ya zame, ƙuryar bakinsa kaɗai ta sauka a kan gaɓa, a wurin da bai wuce murabba'in milimita 0.01 ba. Ƙarfin bai canja ba, amma 30 a raba da 0.01 ya zama 3,000. Wannan ya haura abin da ƙarfen zai iya ɗauka, sai tsinin ya nutse ya ja kunya kamar garma a gona. Abin da ke sa allura ta huda fata alhali yatsa ba ya hudawa, shi ne ya faru a nan.

Siffar bakin ma tana da tasiri. Sukudireban kasuwa bakinsa kamar gatari yake, yana ƙara kauri zuwa sama. Tsagar sukuru kuwa bangonta a miƙe yake. In aka murɗa, irin wannan baki leɓen tsagar kaɗai yake kamawa, yana kuma neman hawowa waje. Shi ya sa ƙwararru ke wasa bakin nasu har gefunansa biyu su miƙe, ya cika tsagar ciki da baki.

Gam da ƙura

Akwai wasu abubuwa biyu da ido ba ya gani. Na farko gam ne. Don kada motsin hannu ya kwance sukuru, akan ɗiga wa zarensa wani gam da ke daskarewa idan ya rasa iska a tsakanin ƙarafa biyu. Wani malamin kimiyyar sinadarai, Vernon Krieble, shi ya ƙirƙiro shi a kwalejin Trinity da ke Hartford a Amurka a 1953, aka kuma san shi da sunan Loctite. Wanda bai san da gam ɗin ba zai ji sukuru ya ƙi motsi, sai ya ƙara ƙarfi, ƙarin ƙarfin kuma shi ke kawo zamewa. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Wanda ya sani yakan ɗumama gaɓar tukuna, gam ɗin ya yi laushi. In an gama kuma dole a sake ɗiga sabo, in ba haka ba sukuru ya kwance a hanya.

Na biyu ƙura ce. Mun ga kwaz yana mataki na 7 a ma'aunin Mohs, ya fi ƙarfen sarƙa tauri nesa ba kusa ba. Ƙurar da ke sauka a kan teburin aiki tana ɗauke da ƙwayoyinsa, balle a ƙasashenmu lokacin hunturu, sa'ad da iska ke kwaso hazo daga Sahara. Ja sarƙa a kan teburi mai ƙura, ko goge ta da busasshen tsumma mai datti, daidai yake da shafa mata samfefa.

Shin guga na gyara tabo?

Kuromiyam ɗin da ke cikin ƙarfen yana haɗuwa da iskar oksijin ya yi wata fata siririya ƙwarai wadda ke hana tsatsa. In aka karce ta, takan sake yin kanta, don haka tabon ba zai yi tsatsa ba. Amma ramin yana nan. Wurin da aka goge kamar madubi yana mayar da haske ta fuska ɗaya, karcen kuwa yana warwatsa shi, shi ya sa layin da bai kai kaurin gashi ba yake bayyana fili.

Dila yakan ce a kawo ya goge. Ya kamata a fahimci cewa guga ba ta cike rami. Abin da take yi shi ne ta cinye ƙarfen da ke kewaye har ya sauko daidai da gindin ramin. Kowace guga tana rage gaɓa, tana dakushe kusurwoyinta, abin da ya tafi kuma ba ya dawowa. Saboda haka ne masu tara tsofaffin agogai suka fi daraja wanda ba a taɓa gogewa ba, ko da yana da 'yan tabbai. Rami mai zurfi sai a cike shi da waldar hasken leza, ko a sauya gaɓar ɗungurungum.

Masu ƙira sun nemi mafita ta hanyoyi biyu. Wasu sun nemi abu mai tauri: a 1962 kamfanin Rado ya fito da agogon DiaStar mai jikin tangistan kabaid, daga baya kuma aka shiga yin sarƙa da tangaran na zamani, wanda taurinsa ya haura 1,000. Sai dai tangaran, ko da yake ba ya karcewa da sauƙi, yana iya fashewa in ya bugu. Wasu kuma sun rage bukatar taɓa sukuru: maɓallin Glidelock na agogon Submariner yana ba mai shi damar ƙara tsawo har wajen milimita 20, biyu-biyu, da yatsa kawai.

Rigakafi ya fi magani

Mai saye ya duba sarƙarsa a haske mai kyau tare da dila kafin a taɓa ta, ya ɗauki hoton gefunanta biyu, ya tambaya ko wanda zai yi aikin horarren mai gyaran agogo ne, ya sake dubawa kafin ya bar kantin, ya kuma karɓi gaɓoɓin da aka cire. Wannan ba rashin yarda ba ne, kariya ce ga su biyun, domin in an rabu babu mai iya tabbatar da a hannun wa tabo ya fito.

Mai gyara kuma ya share teburinsa, ya kafa sarƙar cikin mariƙi na roba ko katako, ya rufe gefen sukuru da salatif, ya zaɓi sukudireban da ya cika tsagar, ya ɗumama gam, ya yi aiki a natse.

Malamai na iya nuna duk wannan a aji ba tare da agogo ba. A kawo alli, da gutsuren wayar jan ƙarfe, da cokalin ƙarfe marar tsatsa, da fasasshen gilashin da aka naɗe gefensa, da ɗan yashi. Ɗalibai su gwada wanne ke karce wanne, su jera su da kansu kamar yadda Mohs ya yi. Sannan su danna ƙusa a kan sabulu, da kanta sau ɗaya, da tsininta sau ɗaya, su kwatanta ramukan. Ɗalibin da ya fahimci waɗannan gwaje-gwaje biyu, ko kanikanci ya shiga, ko gyaran waya, ko aikin haƙori, zai riƙa yi wa kansa tambaya biyu kafin ya ɗora ƙarfe a kan kayan wani: wanne ya fi tauri, kuma a kan wane faɗi ƙarfina zai sauka?