"Ku Ba Ni Gari!" Wasan Hira Don Daren Kaka

Idan kaka ta yi a ƙasar Gaya da Ajingi, gero da dawa sun shiga rumbu, an kai gyaɗa kasuwa, sai dare ya yi tsawo, aljihu kuma ya yi ɗan nauyi. A lokacin ne iyaye suke fara tambayar juna inda samarinsu suke hira.

Kakanninmu suna da nasu wasan dare, wato kacici-kacici. Tsohuwa ta ce, "Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya." Yara su yi ta canka. In sun gaza, sai ta ce, "Ku ba ni gari." Wani ya ce, "Na ba ki Ajingi." In ta raina, a ƙara mata Gaya, a ƙara Dutse, har a kai Kano, sa'an nan ta faɗi amsa: tsintsiya. Ku lura, 'yan'uwa, a wasan nan akwai canki, akwai ci, akwai biya. Amma da safe Kano tana nan inda take, ba kuwa wanda ya kwana da yunwa.

Turawa ma suna da irinsa a kan allo. A 1979 waɗansu 'yan jarida biyu a Kanada suka ƙago Trivial Pursuit, wasan tambayoyi. Aibinsa ɗaya ne: wanda ya fi karatu shi ke ci kullum, sauran su gaji. A 2005 aka fito da wani a Amurka mai suna Wits & Wagers, wanda ya gyara wannan. Kowace tambaya amsarta lamba ce. Kowa ya rubuta abin da ya canka, a jera amsoshin daga ƙarama zuwa babba, sa'an nan kowa ya ɗora 'yan ƙwayoyin wasa a kan wadda yake gani ta fi kusa da gaskiya ba tare da ta wuce ba. Ba lalle ka san amsa ba, in dai ka san wanda ya sani a gidanku. Ta haka yarinya 'yar aji uku takan ka da malamin makaranta.

To, wani zai ce, ai wannan caca ce. Tambayar tana da kyau, kada a yi mata dariya. Mun ga abin da cacar ƙwallo ta yi wa gidaje, yadda kuɗin buhun gyaɗa yake narkewa kafin Kirsimati, a zo damina babu na taki. A watan Oktoba na 2024 Hisba ta rufe shagunan irin wannan caca a birnin Kano, amma wadda ke cikin wayar hannu ba ta da ƙofar da za a sa wa kwaɗo. Mun kuma san sojojin da suka jefa ƙuri'a a kan rigar Ubangijinmu a gindin gicciye (Yahaya 19). A ganina iyakar a fili take. In abin da ka ci ya fita daga aljihun ɗan'uwanka, caca ce, ko da naira goma ce. Maigida kada ya yarda kuɗi ya hau tabarma, ko da sunan wasa.

Ba sai an sayi allo ba. A sami guntayen takarda da fensir, a ba kowa ƙwayar gyaɗa 20 daga ƙwarya guda. Wanda ya ɗora a kan amsar da ta ci, a ninka masa, mai amsar kuma a ƙara masa 3. Mai tambaya ya shirya guda 7 tun da rana, ya tabbatar da amsoshinsu. Shekara nawa Metusela ya yi a duniya? 969. Zabura nawa ce? 150. A wace shekara aka fara buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa? 1932. Yaushe aka kafa Jihar Kano? 1967. Jigawa, maƙwabciyarmu, fa? 1991. A sa da na gida, kamar dami nawa aka samu a gonar fadama bara, domin iya da kaka su ma su sami inda za su ci 'yan makaranta.

In an tashi, a mayar da gyaɗar duka cikin ƙwarya, a soya, a ci tare. Wanda ya fi tarawa shi zai kawo tambayoyin mako mai zuwa, kuma shi ne mai wanke kasko.