Man kaɗe na tsada a Zongo, bishiyarsa na tsufa a arewa

Hunturun Kwatano ba ya daɗewa, amma idan ya sauka a ƙarshen Disamba kowa sai ya ji a jikinsa. Leɓe ya tsage, dunduniya ta yi faso, yara su shigo aji da ƙafafu fari fat kamar sun yi wasa cikin toka. A lokacin ne masu man kaɗe ke cin kasuwarsu, a layukan da ke kewaye da babban masallacin Zongo. Bana da na je sayen na gida, curin da na saba ɗauka ya ƙanƙance, kuɗin kuwa ya ƙaru. Da na yi ƙorafi, tsohuwar da nake saye wurinta ta ce in hau mota in je in tambayi mutanen Jugu da Paraku, ita ma haka aka kawo mata.

Washegari na kai maganar aji. Na tambayi yarana wa ya san man kaɗe, kowa ya ɗaga hannu. Wasu sun san shi da ori, sunansa na Yarbanci, wasu da bulanga kamar yadda Dandawa ke cewa, wasu da karite na littafin Faransanci. Da na ce to wa ya taɓa ganin bishiyar da idonsa, hannayen da suka rage ba su kai biyar ba. Wani yaro ma ya rantse mini da nonon saniya ake yin sa. Ban ga laifinsa ba. Kaɗanya ba ta son laimar bakin teku, sai mutum ya miƙa arewa zai fara ganinta tsaye a gonaki, da baƙar ɓawonta mai tsage-tsage kamar bayan kada.

Bishiyar tana fitowa ne a wani dogon zirin ƙasa da ya taso daga Senegal ya bi ta Mali, Burkina Faso, arewacin Gana, Togo, Benin da Najeriya har ya dangana da Sudan ta Kudu da Yuganda, ƙasashe 21 ke nan. Kuma ba jiya aka fara cin moriyarta ba. A wani tsohon kufai da ake kira Kirikongo a yammacin Burkina Faso, wata masaniyar tarihin ƙasa daga Jami'ar Oregon ta Amurka, Daphne Gallagher, ta tono ɓawon ƙwallon kaɗe da ya nuna mutanen wurin suna sarrafa shi tun wajen shekara ta 100 Miladiyya. Mungo Park, Baturen nan da ya iso bakin Kwara a Segu a 1796, ya ɗanɗana man, ya rubuta cewa ya fi masa man shanun ƙasarsu daɗi. Daga baya masana tsirrai suka liƙa sunansa a jikin bishiyar na tsawon shekaru, kamar shi ya gano ta. Yanzu dai sunanta na kimiyya Vitellaria paradoxa.

Abin da ya fi ɗaure mini kai da na shiga karanta binciken da aka yi a kanta shi ne, kusan duk kaɗanyar da muke cin manta ba wanda ya shuka ta. Da kanta take tsira. Manomi idan zai yi sabuwar gona yakan sare sauran itatuwa ya bar kaɗanya da ɗorawa, a yi ta noma a ƙarƙashinsu. Idan ƙasa ta gaji sai a bar gonar ta zama saura na shekaru masu yawa, a cikin wannan hutun ne ƙananan kaɗanyu ke samun damar tasowa. In an dawo sharar gona, a zaɓi masu kyau a bari. Haka aka yi ta yi kaka da kakanni.

Ƙwallon nata kuwa yana da saurin mutuwa. Ba kamar gero ba ne da za a zuba a rumbu a jira baɗi. Idan ya bushe na 'yan makonni, shi ke nan ba zai tsira ba. Idan ya dace da ƙasa mai laima, tsiron ba sama yake fara yi ba, ƙasa yake nutsawa ya ɓoye kansa, ya kafa saiwa mai zurfi, sannan ya leƙo. Wannan dabara ce ke tsirar da shi daga gobarar daji: wuta ta cinye na sama, na ƙasa ya sake tohowa. Amma fa sai an yi haƙuri. Kaɗanya takan kai shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya, ba ta kai ganiyarta sai ta haura 40, tana kuma iya rayuwa shekara 200 ko fiye. Wato curin man da na yi ciniki a kai, mai yiwuwa daga bishiyar da aka bari a gona tun kafin Dahome ta sami 'yancin kai a 1960 ya fito.

A nan matsalar take. A 2008 wani masani ɗan ƙasar nan, Bruno Djossa, da abokan aikinsa suka wallafa binciken da suka yi a Atakora, inda suka kwatanta kaɗanyun da ke cikin gandun Panjari da na gonakin da ke kewaye da shi. A gonaki bishiyoyin manya ne, masu kauri, don ba su da abokan gasa, amma ƙananan da za su gaje su ba su da yawa. An ga irin wannan a Mali da Burkina Faso da Gana. Dalilin a fili yake ga duk wanda ya bi hanyar Kandi zuwa Banikwara: jama'a sun ƙaru, auduga ta cinye fili, saura ta gajarce ko ta ɓace gaba ɗaya, garmar shanu da tarakta kuwa ba su san jaririyar kaɗanya ba. Manyan ma ba su tsira ba. Icen kaɗanya yana da nauyi, yana yin turmi mai ƙarko da gawayi mai daɗewa a murhu, kuma mu mutanen birni mu ne masu sayen gawayin. Ga kauci da ke hawa rassanta yana tsotse ta a hankali. Tun 1998 ƙungiyar duniya mai kula da halittun da ke fuskantar barazana ta saka kaɗanya cikin jerin waɗanda ake ji wa tsoro.

Shi Djossa ya kuma bi diddigin jemagu, waɗannan da yaranmu ke harbi da danƙo. Jemage yana ɗaukar ɗan kaɗanya da dare, ya tafi da shi wata bishiyar ya cinye zaƙin, ya yar da ƙwallon nesa da uwar, inda yake iya tsira. Ƙudan zuma kuma su ke kai garin fure daga wannan bishiya zuwa waccan a lokacin rani da take fure. Wani bincike da aka yi a kudancin Burkina Faso, wanda masana daga Kwalejin Trinity ta Dublin suka jagoranta aka wallafa a 2020, ya gano cewa ƙarancin masu kai garin furen yana rage 'ya'yan da kaɗanya ke yi, kuma inda aka bar itatuwa da ƙananan bishiyoyi iri-iri a kusa, ƙudan zuma sun fi zuwa, 'ya'ya sun fi kamawa. Ashe manomin da ya share komai ya bar kaɗanya kaɗai, ya rage mata haihuwa bai sani ba. Maganin feshin auduga kuma ba ya tambayar ƙwaro ko kai na zuma ne kafin ya kashe.

Sai batun gado, wanda shi ne ya fi ba ni wuyar yi wa yara bayani. Na ce musu kowace halitta tana da wani littafi a cikin ƙwayoyin jikinta, a ciki aka rubuta tsawonta da launinta da irin 'ya'yan da za ta yi. A 2021 wata tawaga ƙarƙashin Iago Hale na Jami'ar New Hampshire, tare da masana daga ƙasashen Afirka, ta karance littafin kaɗanya. Babi 12 ne, haruffa sama da miliyan 650, da ƙwayoyin gado fiye da 38,000. Na ɗan Adam wajen 20,000 ne, abin da ya sa yaran suka fashe da dariya, wai ice ya fi mu.

Me za a yi da wannan karatu? Tun kafin shi an san kaɗanya kashi biyu ce. Ta yammacin Afirka, irin tamu, manta yana daskarewa don yana da yawan wani kitse mai tauri. Ta gabas, a Yuganda da Sudan ta Kudu, manta laushi gare shi, wani lokaci ma ruwa-ruwa. Ko a gona guda bishiyoyi sun bambanta: wata ƙwallonta ya fi mai, wata 'ya'yanta sun fi zaƙi, wata tana yi duk shekara, wata sai ta ga dama. Matan ƙauye sun san wannan sarai, sun san gindin da ake yi wa sammako. Abin da ba su iya sani ba shi ne halin tsiro ɗan shekara ɗaya. Da can sai an jira shekara 20 kafin a gane ko an yi sa'a. Burin masu binciken shi ne a tsinki ganye ɗaya a duba, a san tun yana ƙarami ko zai yi mai, ko zai jure fari. A haɗa wannan da aure, irin yadda ake yi wa mangwaro, wanda cibiyar binciken koko ta Gana ta daɗe tana gwadawa a tasharta ta Bole, kuma an ga yana rage shekarun jira sosai.

Ni dai a ganina wannan duka alheri ne, sai dai akwai abin da ba ya cikin littafin gadon. A yawancin ƙauyukan arewa mata ke tsintar kaɗe, su dafa, su shanya, su fasa, su daka, su soya, su niƙa, su yi ta bugu da hannu har mai ya taso. Ƙasa kuwa ta maza ce. A al'adar wurare da yawa wanda ya shuka bishiya kamar ya kafa hujjar mallakar fili ne, saboda haka mace ko baƙon da aka ara wa gona ba a barinsu su shuka. To ko an kawo tsiro mai aure har ƙofar gida, wa zai haƙa ramin, a filin wa? Ga shi kuma tun ƙarshen 2021 hare-haren 'yan bindiga a Atakora da Alibori sun sa shiga daji da asuba ya zama abin fargaba a wasu yankunan.

A ɓangaren kwalliya, bincike bai ƙaryata kakanninmu ba. Man kaɗe yana narkewa da ɗumin jiki, shi ya sa curi mai tauri ke zama ruwa a tafin hannu, ya rufe fata ya hana ta bushewa. Ya kuma fi yawancin man tsirrai yawan wani kaso da ba ya zama sabulu ko an zuba masa toka, kuma a cikin wannan kason ne masana a Japan, ƙarƙashin Toshihiro Akihisa, suka ware sinadaran da suka nuna suna rage kumburi a gwajin da aka yi kan ɓeraye, a 2010. Tun 1979 ma wani malami a Jami'ar Legas, A. Tella, ya gwada shi a kan masu toshewar hanci ya ga yana buɗewa, abin da kowace mai jego a Zongo za ta ce ai ta riga shi sani. Amma kada a wuce gona da iri. Kariyar da yake bayarwa daga zafin rana kaɗan ce, kuma ba ya sa fari. Duk kwalbar da aka rubuta karite a jiki, aka ce za ta haskaka ki cikin sati biyu, 'yar'uwa, wani abu ne daban ke aiki a ciki, ba kaɗe ba.

Ingancin man ma ba ɗaya ba ne. Fernande Honfo ta Jami'ar Abome-Kalabi ta shafe shekaru tana nazarin yadda dafa ƙwallo da shanya shi da ajiyarsa ke sauya man da ake samu a ƙasar nan. Ƙwallon da aka bari jibge cikin damina ya fara tsira ko ya yi fumfuna yana ba da mai mai tsami da saurin lalacewa. Wanda aka busar da hayaƙi kuma yana kwasar sinadaran hayaƙin, masu saye daga waje ba sa so.

Sai dai ba masu man shafawa ne suka fi kwasar kaɗe ba, duk da su ne suka fi talla da hoton matan ƙauye, kamar L'Occitane da ta daɗe tana saye a Burkina Faso. Mafi yawan abin da ke fita waje cikin cakulan da kayan maƙulashe yake ƙarewa. A shekara ta 2000 Tarayyar Turai ta yarda a sa har kashi 5 cikin 100 na wasu man tsirrai a madadin man koko, kaɗe na cikinsu. Duk lokacin da koko ya yi tsada, kamar yadda ya yi tashin da ba a taɓa gani ba a 2024, ido sai ya dawo kan kaɗe. A wannan shekarar Burkina Faso da Mali suka hana fitar da ɗanyen ƙwallo don masana'antunsu su samu, Najeriya ta bi sahu a Agustan 2025 da haramcin wata 6. Idan maƙwabta suka rufe ƙofa, dillalai sukan karkato inda ta rage a buɗe, mai ɗan curi a Zongo kuwa da kamfanin cakulan yake takara bai sani ba.

Da na gama ba yarana wannan labari, sai suka ce mu shuka tamu a harabar makaranta. Wata yarinya ta kawo ƙwallaye biyar daga wurin kakarta, muka binne a gwangwanaye, suka yi ta ba su ruwa sati uku, ko ɗaya bai motsa ba. Dafaffu ne, na sani tun ranar farko, na bar su su gani da idonsu. Na yi musu alkawarin in na je Jugu hutun Yuli, lokacin da 'ya'yan ke zuba, zan zo da ɗanye, ko da yake ban da tabbacin zai yarda da yashin Kwatano. Ita yarinyar, shekararta 11, ta ɗauki alli ta yi lissafi a allo, ta juyo ta ce, Malam, in ma ya tsira, sai ina da shekara 31 zan ci na farko.